Inna Ta Ce Ba Ta Taɓa Zama Gidana Ba

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Batulu, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Sadi da yara baki ɗaya. Yaya gida, yaya zaman nesa, yaya kuma ƙafar nan da kika ce tana damun ki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Taiba ta sauka lafiya kamar yadda kika ji, an sa wa yaron suna Yasir, kuma kayan da kika aiko sun iso. Ɗiyata Kausar ta sauke izu goma. Injin casa yana aiki ba hutu, don shinkafar rani ta Bakura ta yi kyau bana. Na ba Ɗanasabe mai kai albasa wannan takarda hannu da hannu, saboda maganar da ke ciki ba ta waya ba ce. Ki karanta ke kaɗai, ki adana.

Yaya, kin san yadda na ɗauko Inna lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu na bayan Dosara. Kin kuma ga ɗakin da na gina mata da idonki: tayil har bango, fanka mai sola, banɗaki a ciki, katifar da ko ni ban kwanta a irinta ba. Ni da na fara da dakon buhu a kasuwar Talata, ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya tsaya mini, na rantse uwata ba za ta sake hura wuta da bakinta ba. Na hana ta ɗebo ruwa, na hana ta daka, na hana a kawo itace gidan. Abinci a kula ake kai mata har bakin gado. Shekara huɗu ke nan, kuma duk garin nan ana ba da misali da ni.

To, ranar sunan Yasir, gida cike da mata, sai Hajiya Turai, matar wanda nake sayen shinkafa a hannunsa a Bakura, ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta tambaye ta ko yanzu nan take zaune. Inna ta dube ta ta ce a'a, ita bayan Dosara take zaune, nan ta zo ganin ɗiyanta ne, tana jiran hanya ta yi kyau. Matan suka kwashe da dariya, wata har da cewa kai tsohuwar nan akwai barkwanci, baƙon shekara huɗu ai ya kamata a ba shi tsintsiya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce wallahi da an ba ta da ta gode. Taiba ce ta faɗa mini bayan an watse, na ce ƙarya ne, mata ne da ƙarin gishiri.

Da safe na shiga gaishe ta na tambaye ta, a hankali, ko akwai wanda ya yi mata wani abu a gidan. Ta ce ko kaɗan, Taiba ɗiya ce ta ƙwarai. Na ce to me ya sa ta gaya wa mutane ba nan take zaune ba? Sai ta tambaye ni wai ina murhunta a gidan nan. Ina turken akuyarta? Wace maƙwabciya ce ta taɓa leƙowa ta ce Inna ara mini daddawa, ko ɗiyata na naƙuda ki zo? Ta ce a wurinsu mace ba ta zauna wuri ba sai ta kafa duwatsun murhunta da hannunta, ta dafa ta aika wa wani. Wanda ake zuba wa a kai masa, ko ya shekara nawa, baƙo ne, kuma baƙo mai kunya ba ya kwance kayansa. Na ce Inna hutu na ba ki. Ta ce ta gode, ta huta, har ta gaji. Yaya, na fita daga ɗakin nan ban san ta ƙofar da na bi ba.

Na ɗauka maganar tsofaffi ce, za ta wuce. Ranar Talata ina kasuwa wajen awo, ashe ta samu mutanen ƙauyenmu da suka zo cin kasuwa, ta hau bayan babur ɗin Jatau, ɗan maƙwabcinta na da, ta tafi. Ta ce wa Taiba za ta je dubiya. Da na dawo na buɗe ɗakin, sai na ɗaga zanin gadon. Katifar nan tana cikin ledarta, ba a taɓa yage ta ba, zanin gado ne kawai aka shimfiɗa a kai don kada in gani. Tabarmarta ce a bayan ƙofa take kwana. Atamfofin da na riƙa saya mata kowace salla suna jere a durowa, ko ɗinkawa ba a yi ba. Ƙullin kayan da ta zo da shi daga ƙauye, shi ta ɗauka, shi kaɗai. Shekara huɗu ina shiga ɗakin nan kullum safiya ina gaishe ta, ban gani ba.

Washegari na ɗauki mota zuwa Maradun, na bar ta can na hau babur. Ba zan ɓoye miki ba, hanyar nan ba hanya ba ce yanzu. Gonakin da muka sani sun zama ciyawa, gidajen da ke da hayaƙi ba su da yawa. Na same ta a tsakar gidan Baba, ta share shi tas, ta ɗora tukunya, ga Gwaggo matar marigayi liman zaune kusa da ita tana tsinkar rama, suna ta musu a kan wadda ta fi tsufa. Muryar da na ji Inna tana magana da ita, wallahi rabon da in ji ta tun Baba na da rai. Amma tana ɗaga ido ta gan ni da babbar riga, sai fuskarta ta canza. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Ta ja ni cikin ɗaki ta rufe asabari, ta ce wane hauka ya kawo ni, wa ya gan ni a hanya, kuma in cire agogon nan in sa a aljihu.

Na ce na zo in mayar da ita ne, ko da ɗauka ne. Ta ce ba inda za ta, gero za ta shuka, kuma in Allah Ya karɓi ranta a nan akwai matan da suka san ta da za su yi mata wanka. Na ce ta manta wace ce ita? Uwar mai injin casa a wannan daji, ai kamar an ajiye musu kaya ne a bakin hanya. Ta ce ta riga ni tunanin wannan. Wai tun a kan babur ta gaya wa Jatau, ta kuma gaya wa kowa a bakin rijiya, cewa ni na kore ta. Cewa na yi kuɗi na ƙi uwata, matata ta mallake ni, ko gawarta aka kai mini ba zan sayi likkafani ba. Gwaggo kaɗai ta san gaskiya. Ta ce maganar za ta kai inda take so ta kai, kuma wanda ya ji ba zai wahalar da kansa a kan tsohuwar da ba mai fansarta ba. Sannan ta riƙe hannuna ta ce in ina son ta da rai, kada in ƙaryata ta, kada in aiko da buhu, kada in sake zuwa. Da zan fita ta biyo ni har ƙofar gida tana ɗaga murya, wai in tafi can da arzikina, Allah Ya isa. Hawaye na zuba a fuskarta, mutane na kallo, suna ɗauka na baƙin cikin abin da na yi mata ne.

Yaya, labarin ya riga ni isowa Mafara. A masallaci wanda ke ba ni wuri a sahun gaba ya daina. Jiya a wurin inji, gaban masu kawo shinkafa da 'yan dako, wani dattijo daga Tsibiri ya tsaya ya ce shi bai yarda ba, ya san ni tun ina ɗaukar buhu, in faɗa da bakina in ƙaryata masu ɓata mini suna. Akwai baƙin fuskoki biyu a wurin da ban san daga ina suke ba. Na dubi tsohon nan na ce abin da ya ji haka ne, kuma ba ruwan kowa da gidana. Ya tofar da yawu, ya sa aka kwashe buhunansa. Sunan da na yi shekara ashirin ina ginawa, da bakina na rushe shi, kuma in aka sake tambaya ta gobe haka zan ce.

Abin da nake roƙo biyu ne. Ki zo, ki shiga wurinta da tsohon zane kamar mai zuwa jaje, ke take jin maganarki. Ki ce na samu fili a bakin gari, za a yi ɗakin ƙasa, ta zo da Gwaggo da akuya da duk abin da take so, ba zan hana ta komai ba. Na biyu, in 'yan garinmu na Agege suka kawo miki wannan labari, kada ki kare ni. Ki zage ni tare da su.

Ki gaishe da Malam Sadi da kyau, da Mas'udu da Khalifa da ƙaramarsu Zainab. Taiba tana gaishe ki, ita ma ta ɗauki nata rabon na zagi, Allah Ya saka mata. Ki sa Inna a addu'a, ki sa ni.

Ƙanenki,
Jafaru.