Yatsan Yaya a Gefen Hoto

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarka, wadda har ta aurar da 'ya ba mu daina ce mata amarya ba, da yara gaba ɗaya. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da kake kuka da shi, ya kuma raba ka da zaman kujera tun safe har yamma, don ni na san shi ya jawo maka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Baban yara yana nan da keken ɗinkinsa. Tun bara ya ce ya ajiye aiki, amma kullum sai ka ji yana taka shi, wai yana duba ko bel ya saki. 'Yar autata ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci tana jiran sakamako.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. In na kira, katse ni za ka yi ta yi da dariya har in manta rabin zancen. Godiya nake so in yi maka a kan hoton da ka turo, kuma ba za ka gane girmanta ba sai na ba ka labarin tun daga tushe.

Ka san ƙungiyarmu ta tsofaffin malaman makaranta mata, wadda Yaya, babbar yayarmu, ta ja ni ciki da na yi ritaya. Asabar ta farkon kowane wata muke haɗuwa a wani ɗaki a bayan makarantar da yawancinmu muka koyar, ɗaki mai dogayen bencina da fanka guda da ke kuka kamar an taka mata wuya. Sau biyu a shekara kuma mu ɗauki bas mu tafi yawon buɗe ido: bakin ruwa, kan dutse, gidan namun daji, duk inda gwiwoyinmu za su iya kai mu. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma a duk tsawonsu Yaya ce mai ɗaukar hoto. Kyamara a wuya, tana daka mana tsawa yadda take yi wa 'yan aji uku, wance ta sauke jaka, wance ta daina rufe ido. Babu mai taɓa mata kyamarar nan.

Abin da ba mu gaya maka sosai ba, don kada hankalinka ya tashi daga nesa, shi ne yadda matsalar idonta ta karya mata zuciya. Likita ya ce ganin ba zai dawo yadda yake ba. Tana ganin launi, tana ganin giftawar mutum, in ta kanga gilashin ƙara girma tana iya gane abu kusa-kusa, shi ke nan. Ranar da ta dawo daga asibiti ta naɗe kyamarar a tsohon gyale ta tura ƙasan akwati. Wata huɗu ba ta zo taro ba. In na je ɗaukarta sai ta ce me mai hoton da ba ta gani za ta je yi a cikin mutane, a bar ta ta huta. Ta saki labulen ɗakinta, daga ita sai rediyo. Auta, na ji tsoro ƙwarai. Na ga yadda zaman ɗaki ya cinye Inna bayan rasuwar Baba, kuma na ga Yaya ta kama hanyar.

Sai Shugabarmu ta kawo shawarar a haɗa babban kundin hotuna na cikar ƙungiya shekara goma sha biyar, a ba Yaya kyauta a gaban kowa, ko Allah zai sa ta sauko. Da ƙyar Yaya ta yarda za ta zo, shi ma ta ce sau ɗaya ne, ta karɓa ta yi sallama da mutane. Aikin haɗawa ya faɗo kaina, tunda ni ce na yi shekara talatin ina koyar da zane da aikin hannu. A nan ne ƙunshinka na farko ya shigo, kwalayen nan masu kauri da gam da almakashi mai haƙora. Na gode da su, ko da yake za ka ji ɓarnar da almakashinka ya yi, da hannuna.

Mako uku teburin cin abincinmu bai ga kwano ba, a tabarma muke ci. Hotuna sama da ɗari shida aka kawo mini a kwalayen takalma. Na ware su shekara-shekara, kowace tafiya na ba ta shafi biyu masu kallon juna: babban hoto a tsakiya, ƙanana a kewaye, sai in manna tikitin shiga wurin ko busasshen ganyen da wata ta tsinko, in rubuta rana da abin dariyar da ya faru a ƙasa. Shafin ranar da bas ta mutu mana a hanya muka sauka muna turawa, mata goma sha takwas, ƙaramarmu ta haura sittin, sai da na ajiye gam na yi dariya ta ishe ni. Abu ɗaya ne ya dame ni. Yaya, da duk iyayinta, ba ta iya riƙe kyamara ba tare da babban yatsanta na hagu ya leƙo ta kusurwa ba. In ba yatsa ba, to inuwarta ce ta miƙe a ƙasa gaban mutane, don dokarta ce rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Ni kuwa ka san ni da son gefe mai tsabta. Yara nawa na sa suka sake aiki saboda gam ya fito. Na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya ina datse yatsa, ina datse inuwa, ina mita, har ina yaba wa kaina.

Saura kwana biyar taro, Malamar Lissafi ta zo duba aiki. Ita komai sai ta ƙirga. Ta zauna da biro tana lissafa sau nawa kowace mace ta fito, wai kada a yi wa wata rashin adalci. Shugaba ta fito sau casa'in, ita kanta sau arba'in da ɗaya, kuma ta nuna mini bai yi mata daɗi ba. Can sai ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ai mai kundin ba ta fito ko sau ɗaya ba. Muka sake bin shafukan tun daga farko, babu Yaya. Ina za ta fito, kullum tana bayan kyamara? Wato matar da ke cewa ba ta da sauran amfani a cikinmu, za mu miƙa mata littafin da ke nuna kamar ba ta taɓa zama a cikinmu ba. Sai kuma na tuna ashe tana ciki, ni ce na bi ta da almakashi na fitar da ita kaf.

A lokacin ne na kira ka ina magana ba kai ba gindi, kai kuma ka ce in kwantar da hankalina, kamar kana da wani abu a tsohuwar jaka. Ina ajiye waya sai ga Baban yara ya shigo da gwangwanin biskit, irin wanda yake tara ƙyallaye, ya ajiye a gabana. Ashe kullum in na tashi daga aiki, shi yake share ƙarƙashin tebur, kuma ko guntu ɗaya bai zubar ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi tela ba ya zubar da abin da almakashi ya bari, wata rana sai an neme shi. Shekara talatin da biyar ina faɗa da mutumin nan a kan tarin tsummokara, ranar dai na ba shi haƙuri, kuma har yau bai bar ni na manta ba. Muka zazzage gwangwanin muka tsince: yatsa sittin da uku, inuwa goma sha tara, da wani guntu da ya fi su duka, madubin bas, rabin fuskarta a ciki bayan kyamara.

Mayar da su wurarensu ba zai yiwu ba, gam ya riga ya kama. Sai na buɗe shafi biyu na ƙarshe na jera su zagaye-zagaye, kowane guntu na rubuta masa inda aka ɗauke shi, na bar tsakiya fili ina jiran ka. Ran Laraba hotonka ya shigo wayata. Auta, ni na ma manta da ranar nan, shekara takwas da suka wuce, da motarmu ta biyo ta garinku ka tare mu a tasha da ruwan sanyi, ka fizge kyamarar daga wuyan Yaya ka ɗauke ta. Da aka wanke hoton ya zo hannunka, ta ce ka yaga shi. Ga ta nan baki buɗe tana yi maka faɗa, hannu a miƙe, sauran mata a bayanta suna ƙyaƙyata dariya. Mai wanke hoto ya ce ya ɗan yi dishi-dishi, na ce ya wanke mini shi haka nan, babba.

Ranar Asabar 'yar Yaya ta kawo ta. Ta ƙi shiga ciki sosai, ta zauna a bencin bakin ƙofa da jaka a cinya kamar mai jiran mota. Shugaba ta yi jawabi, aka ɗora mata kundin. Ta fito da gilashinta tana bi a hankali, kuma wallahi daga launi kawai take gane kowane hoto, ta faɗi wurin, ta faɗi wadda ta yi amai a mota ranar. Can ta ɗago ta tambaya wa ya rage mata girman hotuna, ita ba haka ta ɗauke su ba. Na ce ta dai buɗe ƙarshe. Ta shafa shafin, ta ji haƙoran almakashi ko'ina, ta ce wannan tarkacen fa. Na durƙusa kusa da ita na gaya mata gaskiya duka, yadda na yanke ta da yadda aka tsinto ta a gwangwanin biskit. Ta kai gilashi kan guntu ɗaya, ta ɗaga babban yatsanta ta kalle shi, sai ta fashe da dariya, ta ce shekara goma sha biyar babu wadda ta iya gaya mata, duk matsorata ne mu.

Da ta iso kan hotonka dariyar ta tsaya. Ta ce ja'irin yaron nan, ba ta ce ya yaga shi ba? Ta ce dubi yadda ka karkatar da kyamara, ka yanke wa Shugaba rabin ɗankwali. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ta ce ita ta ɗauka ranar da ta ajiye kyamara babu abin da zai nuna ta taɓa bin hanyoyin nan tare da mu. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Har Malamar Lissafi sai da ta nemi hankici.

Da aka zo hoton taro, 'yar Yaya ta fito da kyamarar, ashe ta ɗauko ta a ɓoye, aka miƙa mini. Ina cewa a matso, mata suka cakuɗe kamar awaki a bakin rijiya. Yaya ta kasa daurewa. Ta miƙe, da murya kawai take gane mu, dogaye su koma baya, wance ta sauke jaka, ni kuma in juya rana ta dawo bayana. Da ta gama jera mu za ta koma benci, Shugaba ta riƙo hannunta aka tsayar da ita a tsakiya. Kafin a watse ta tambayi ƙarfe nawa bas za ta tashi a tafiyar wata mai zuwa, ta ce a ajiye mata kujerar taga, kuma kada a sa ta kusa da mai amai. Shekaranjiya na je gidanta na tarar an ɗage labule, tana tsakar gida tana koya wa 'yarta riƙon kyamara da faɗa.

To ka ji abin da hotonka ya yi. Shekara takwas kana ajiye da abin da aka ce ka yaga, ka sha ƙaura da shi gida-gida, ba ka san ranarsa ba. Na gode, Auta, na gode har cikin raina. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka masu yi maka irin wannan rashin jin magana ranar da kake bukata.

Ka gaishe mini da amarya, ka ce ina nan ina jiran ziyarar da take ta alkawari. Ka gaishe da 'yarka Babba da mijinta, da takwarata, da ɗan lelen amarya. Baban yara yana gaishe ka, ya ce in tabbatar na rubuta maganar gwangwani. Yaya ma tana gaishe ka, ta ce faɗanku yana nan sai ka zo.

Na sako maka hoton taron a cikin ambulan. Yaya ce a tsakiya, kuma ka ga wannan karon bakinta a rufe yake. In ka duba kusurwar hagu ta ƙasa za ka ga wani abu ja-ja ya leƙo. Yatsana ne. Na ɗauko almakashi, Yaya ta ji ƙararsa ta ce in na kuskura ba ni ba ita. Kai ma kada ka yanke.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka ƙarama