Gawar Abdulhalim Ce

Daga: Haula Sulaimanu,
Unguwar Yelwa, Garwa.

Zuwa ga: Mai Girma Sufurefe, shugaban mulkin gunduma,
Ofishin Sufurefe, Garwa.

Litinin, 6 ga Mayu, 2024.

GAME DA: Ɗauke motar Malam Abdulhalim Goni daga ƙofar gidansa, da rubuta cewa ya rasu alhali yana raye, da roƙon a dakatar da yanka motar da aka sa ranar 15 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da juriyar riƙon jama'a, ni mai suna a sama, tsohuwar mai buga takardu a makarantar sakandare ta lise wadda ta yi ritaya, ina neman izinin gabatar da kukana. Na haɗa da kwafin Faransanci kamar yadda tsarin ofis ya tanada. Amma da Hausa na fara rubutawa, domin kalma ɗaya ta Hausa ce ta jefa gidanmu cikin wannan hali, kuma na san ba za a rasa mai jin ta a ofishin Mai Girma ba.

Ina kuma neman afuwa. Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa kama sunan maigidana ba. Yau dole ta sa na rubuta shi, kuma zan maimaita shi, don kada a sake yin kuskure a kansa.

1. Abin da aka ɗauka mota ce ƙirar Japan, Datsun 240Z ta shekarar 1973, irin ƙananan motocin tseren nan masu kujera biyu da dogon hanci. Maigidana, Malam Abdulhalim Goni, tsohon direban motar auduga, ya tsince ta a shekarar 2017 a wani kango a hanyar Figil, kaji na ƙwai a cikinta. Ya saye ta da takardunta, aka mayar da su sunansa. Tun daga nan yake gyaran ta a gida da hannunsa. Ba shi da gareji, ba kuma sana'a yake yi da ita ba. Ya sauke injin, ya warware shi noti bayan noti, ya wanke, ya mayar. Yanzu haka injin yana zaure a kan katako, lulluɓe da tsohon zanena. Gilasanta suna ƙarƙashin gadonmu naɗe cikin bargo, fitilunta suna kwali a saman kabad, kafiretocinta biyu kuwa a cikin kwanon da ya ce aro ya yi mini shekara uku da suka wuce. Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, ni ban taɓa son motar nan ba. Ta cinye mini tsakar gida, ta cika mini wanki da baƙin mai. Amma wannan magana ce ta cikin gida, ba ta ba kowa izinin ɗaukar ta ba.

2. Ina roƙon Mai Girma ya lura da yadda ake wannan aiki, domin a nan ido yake yaudarar mai wucewa. Mai gyaran tsohuwar mota irin wannan sai ya tuɓe ta sarai, ya bar bodin kawai, ba taya, ba gilashi, ba kujera. Sannan ya goge tsohon fenti da samfefa har ya tarar da farin ƙarfe, ya yanke inda tsatsa ta ci, ya yi walda. Sai ya shafa fentin farko mai hana tsatsa, wanda a nan muke ce wa antiruyi. Da rani ake yin wannan, a gama kafin ruwa ya sauka, domin ƙarfen da aka goge ko raɓa ba ya jurewa. Maigidana ya kwashe ranin bana kaf yana gugar nan, har zanen yatsunsa ya share. Da ƙurar ta fara sa tsohuwarmu tari, sai ya fitar da bodin waje, ya ɗora shi a kan bulo ƙarƙashin rumfar kwano, jingine da katangarmu. Ba ya tare hanya. Ana share ƙarƙashinsa kowace safiya, kuma ni ce mai sharar.

3. Ranar Talata, 23 ga Afrilu, da hantsi, ma'aikatan Kwamitin Share Lunguna na unguwarmu suka zo da motar ɗaga kaya, suna kwashe tarkace kafin bikin ƙasa na ashirin ga Mayu. Maigidana yana tasha, ya je karɓo antiruyin da aka aiko masa daga Duwala. Ni ina asibiti wajen dubiya. Babu kowa a gida sai tsohuwarmu, Goggo Halime, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta haura tamanin, kuma kunnenta ya yi nauyi. Abin da zan faɗa a nan maƙwabciyarmu Madam Yvette, mai shagon ƙanƙara da lemo a tsallaken lungu, ta gan shi da idonta, sauran kuma daga bakin Goggo muka haɗa shi.

Jagoran ma'aikatan, wani matashi mai suna Oumar, ya yi sallama. Ya tambayi Goggo da Fillanci, ba ta ji ba. Ya koma Faransanci, ta dube shi kawai. Sai ya tattaro 'yar Hausar da yake da ita ta kasuwa, ya nuna bodin, ya tambaya na wane ne.

Ranka ya daɗe, a gidanmu motar nan ba ta da wani suna sai gawa. Haka makanikai ke ce wa motar da ba ta tashi, haka kuma muke tsokanar maigidana tun ranar da aka jawo ta. Idan abinci ya huce a ce yana wajen gawarsa. Goggo ta fi kowa wannan tsokana. Saboda haka ta amsa masa yadda za ta amsa wa kowa, ta ce, "Gawar Abdulhalim ce."

Yaron ya ji gawa, ya ji suna, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan sa. Ita kuwa Goggo duk addu'ar da aka yi a gabanta, ta ji ko ba ta ji ba, amin take cewa. Ta ce amin, ta ƙara, har ta sa masa albarka. Nan take ya rubuta a rahotonsa cewa tarkacen mota ne, mai ita ya rasu. Madam Yvette ba ta jin Hausa sosai, ta ɗauka maigidana ne ya turo su su kai bodin wajen mai fenti. Sai da ta ga an zura sarƙa ta tagogi an rataye shi da rufinsa sannan ta fito da gudu, ta tarar sun tayar da mota. Maigidana ya dawo a bayan babur rungume da gwangwanin fenti, ya tarar da bulo a ƙarƙashin rumfa.

4. Washegari ya tafi furiyer ɗin kwamitin, wato filin da suke tara abin da suka kwashe, riƙe da katin ɗan ƙasa da takardun motar. Sakataren kwamiti ya dubi katin, ya dubi fuskarsa, ya yarda fuskar tasa ce. Amma ya ce rahoto ya nuna mai motar ya rasu, kuma wanda ya rubuta rahoto shi kaɗai ke da ikon gyara shi. Aka nemi Oumar, aka ce ya tafi Tibati, babu wanda ya san ranar dawowarsa, wayarsa kuma ba ta shiga. Aka nemi shugaban kwamiti, aka ce ba ya zama. Daga baya aka ce maigidana ya kawo takardar shaidar yana raye. Ya je ya bi layi ya karɓo. Sakataren ya karanta ta a tsanake, ya ce takardar ta nuna akwai wani Abdulhalim Goni mai rai, amma ba ta nuna shi ne wanda ya rasu ba. Na yi shekaru ina aikin ofis, Ranka ya daɗe, ban taɓa jin irin wannan magana ba, kuma har yau ban san takardar da za ta amsa ta ba.

5. Ranar Alhamis, 2 ga Mayu, da la'asar, ruwan farko ya sauka. Bodin yana tsakiyar fili, ba rumfa ba inuwa, tsakanin karyayyun amalanke da matattun firji. Da hadari ya haɗo maigidana ya ɗauki tamfol ya ruga. Mai gadi ya hana shi shiga, ya ce an ba shi umarni kayan mamaci ba mai taɓawa sai magada. Ya roƙi mai gadin ya karɓi tamfol ɗin ya lulluɓa da kansa, ya ce shi ma ba magaji ba ne. Haka dattijon nan ya tsaya a bakin waya, ruwa na dukan sa, yana kallon ruwa na dukan ƙarfen da ya yi rani yana gogewa. Da ya koma da safe bonet da rufi sun fara ja. Ƙasan motar da ya yi wa walda ya tara ruwa kamar kwanon wanki. A ranar ne kuma ya ga sanarwa a ƙofar filin, cewa duk abin da ba a karɓa ba za a yanka shi da wutar gas ranar Laraba, 15 ga Mayu, a sayar wa masu tsohon ƙarfe.

6. Wannan ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ranar Juma'a na je da kaina. Sakataren ya jawo ni gefe, ya ce akwai hanya mai sauƙi: tunda rahoto ya ce mai motar ya rasu, in sa hannu a matsayin matar marigayi, mai gado, a ba ni motar a ranar. Ba na zarginsa da mugun nufi, ina jin a ganinsa taimako yake yi mini. Na dawo gida na faɗa wa maigidana, ina tsammanin zai tashi ya tayar da ƙura. Sai ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Bayan an sauko daga masallaci ya same ni a madafa, wurin da ba ya shiga, ya ce, "Haula, ki sa musu hannun. Takarda ce kawai."

Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba, sai wannan. Na ce masa a'a. Ni na san takarda ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, yau tana furiyer, gobe ba a san ofishin da za ta shiga ba. Ko da ma za ta tsaya, wallahi hannuna ba zai rubuta wa kaina takaba ba, ga mutum ina zuba masa ruwan alwala. Tun daga ranar bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba sai gaisuwa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Goggo ba ta san abin da bakinta ya jawo ba, mun ɓoye mata, domin idan ta gane ta ce amin a kan mutuwar ɗan da ta goya, ban san abin da zai same ta ba. Kullum tambaya take wa ya ɗauke gawar, mu ce an kai ta fenti. Duk lokacin da gabas ta yi baƙi, maigidana sai ya dubi sama, sannan ya dube ni. Raina a ɓace yake, Ranka ya daɗe, kuma tsoro nake ji.

Saboda abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma cikin ladabi:

(a) Ya ba da umarni a cire motar daga jerin abin da za a yanka ranar 15 ga Mayu.

(b) Ya sa a gyara rahoton ba tare da jiran dawowar wanda ya rubuta shi ba. Malam Abdulhalim Goni a shirye yake ya zo ofishin Mai Girma da ƙafafunsa duk ranar da aka kira shi. Lawaninmu, wato mai unguwa, da limaminmu da Madam Yvette sun ce za su rako shi.

(c) Ya sa a mayar da bodin inda aka ɗauke shi, kuma a ɗaga shi ta ƙasa, ba ta rufi ba.

(d) Idan waɗannan suna buƙatar lokaci, to a yau ɗin nan a ba mai gadi izini ya bari a lulluɓa tamfol. Layi ɗaya daga alƙalamin Mai Girma ya isa.

Ba na neman diyya, ba na kuma neman a hukunta Oumar. Yaro ne da ya ji an ambaci gawa ya yi addu'a, kuma tarbiyyar kirki ce ta sa shi yin hakan. Abin da nake nema shi ne a yarda da mutum idan ya tsaya a gabanka yana numfashi.

Ranka ya daɗe, idan ranar Talata, jajibirin yankan, ta zo ba a yi komai ba, na san maigidana zai sake shigowa madafa ya roƙe ni. Na ce masa a'a sau ɗaya, kuma na ga abin da ta yi masa. Ban san ko zan iya ta biyu ba. Ina roƙon Mai Girma, don Allah, kada a kai ni ga wannan rana.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya sa a gama lafiya. Ka karɓi gaisuwata da cikakkiyar biyayya.

Sa hannu:
Haula Sulaimanu,
matar Malam Abdulhalim Goni,
wanda yake raye, yana zaune a zaure a lokacin da nake sa wannan hannu.