Ƙafar Malam Barau

Limawa, Dutse
Satumba, 2000

Zuwa ga Yaya Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Haɗeja, ya ruwa? Direban da ya kawo takardar nan amintacce ne, ki ba shi kifin da kika yi mini alkawari.

Kin ji an ƙaddamar da shari'a, an rufe shagon cacar ƙwallon Turai na bayan tasha. Na san kin yi hamdala saboda ni. To ki rage murna, ni dama ban dogara da shagon nan ba, wannan aikin masu rufe ido ne su zaɓi lamba. Ni da ilimi nake ci. Na daɗe kullum ina zauren Baba Arzika mai ɗori, ni ke danne masa mutum idan zai ja ƙashi. Duk ɗan damben da ya tsage hannu, duk golan da ya yi targaɗe yana ɓoyewa, ta hannuna yake bi. Ranar wasa jama'a na kallon ƙirji suna jin kirari, ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin zaren da ya naɗe hannun. Sai in zuba kuɗina a kan abokin karawarsa, in koma gefe ina cin gyaɗa.

Ga dalilin takardar. Na ga matar aure: Lauratu, bazawara, 'yar Malam Barau na Yalwawa. Yaya, ina son ta so na gaske, har abinci ya fita raina, ke kuwa kin san ni da abinci. Mahaifinta ya aiko bincike, maƙwabta suka ce, "Ai yaron Baba Arzika ne, ɗori yake koyo." Ni ban ce ba, ban kuma musa ba. In suka iso gare ki, ki ce amin kawai.

Ƙanenki mai biyayya,
Jaji

*

Haɗeja

Jaji,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Kifi babu sai ka shiryu.

Masu binciken sun zo. Ban yi maka ƙarya ba, ban kuma tona ka ba. Na ce musu tun kana yaro duk inda aka karye kana wurin, kuma gaskiya ne, don yawanci kai ke turo yaran daga kan bishiya.

Amma ka sani ramin ƙarya ƙurarre ne. Gemu ya fara fari, ba ka da sana'ar da za a faɗa a gaban mutane ba a rage murya ba. Na tambayi labarin yarinyar nan. Mai hankali ce, kuma ta sha wuya a gidanta na farko. Kada ka ƙara mata, in ba haka ba ni da kai ne.

Allah Ya shirye ka.
Yayarka,
Sa'a

*

Limawa, Dutse
Maris, 2001

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Baba Arzika ya tafi aikin Hajji. Yana can, Malam Barau ya hau tsani zai gyara indararo, tsanin ya zame, ƙwaurinsa ya karye. Aka ce a tafi asibiti, tsohon nan ya ce, "Asibitin me, ga surukina?" Sai ga su da shi a amalanke har ƙofar zaure, Lauratu na biye tana kuka.

Na so in gudu, amma zauren ƙofa ɗaya ce da shi, kuma a nan Lauratu ke tsaye. Na ce a danne shi. Suka dube ni, don ni ne mai dannewar. Ƙarshe ladanin unguwa ya hau ƙirjinsa, ni na kama ƙafa na yi bismilla na ja. Malam Barau ya kira sunan mahaifiyarsa, ya kira na kakarsa, ya kira nawa da wata magana da ba zan rubuta ba. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Na jera karare na ɗaure yadda na saba gani. Ko daidai ne, ko ba daidai ba, Allah masani, sai an kwance.

Abokaina na majalisa, su Lado da Falalu, tunda wasa ya yi sanyi a gari ba su da abin zubawa a kai, har ƙuda biyu sun taɓa yi wa caca a kan tiren mai shayi. Yanzu sun koma kan ƙafar nan: wasu sun ce za ta miƙe, wasu sun ce za ta karkace. Ni kuma dokata ta farko a sana'a, ba a zuba komai gefe ɗaya. Don haka na sa babur ɗina, Falalu ya sa nasa, a kan cewa ni na ce za ta karkace. Ki duba hikimar. In ta miƙe, na rasa babur na samu Lauratu. In ta karkace, na rasa Lauratu amma ina da babur biyu. Ko ta ina ban faɗi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Jaji

*

Haɗeja

Jaji,

Bayan gaisuwa, wace addu'ar zan yi, ta miƙewa ko ta karkacewa? Na karanta wa maigidan takardarka, ya yi dariya har ya ƙware, ni kuwa kunya ta hana ni barci. Ƙafar surukinka, Jaji. Da Inna na raye da ta bi ka da muciya.

Ka je wurin Falalun nan tun da wuri ka warware maganar, ko da za ka bar masa babur ɗin kyauta. Kai ƙashi ka sani, ba ka san mata ba.

Sa'a

*

Limawa, Dutse
Mayu, 2001

Yaya,

Ina gaisuwa. Shawararki ta iso, amma ɗan sana'a ba ya janye hannu bayan ya zuba.

Ƙafa ta miƙe sambal. Baba Arzika ya dawo ya shafa ta sama da ƙasa, ya dube ni ya ce, "Ashe ba dannewa kaɗai kake yi ba." Ranar Juma'a Malam Barau ya taka har masallaci ba sanda, ya dawo ya tara dattawan unguwa a ƙofar gidansa, ya zaunar da ni kusa da shi, ya fara maganar sa rana. Ana cikin haka sai ga Falalu. Bai iya jira gobe ba. Ya gaida dattawa, ya miƙo mini hannu ya ce, "Mukulli." Malam Barau ya tambayi mukullin me, shi kuwa Falalu ba a taɓa tambayarsa abu ya gajarta ba. Lauratu na bayan ƙyaure da kwanon fura.

Yanzu ƙasa nake takawa. Zaure ya cika da masu karaya, kowa na cewa ni yake so, ladan kuwa kaza ce kamar yadda Baba Arzika ya gada. Tsakar gidana ba wurin sa ƙafa. Wannan duk bai dame ni ba. Tun ranar Lauratu ba ta fito zance ba, na je na tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Yaya, ina jin tsoro. Don Allah ki zo ki ba ta baki.

Ƙanenki,
Jaji

*

Yalwawa

Malam Jaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya Sa'a ta zo, na kuma girmama ta.

Baba ya yafe maka. Ya ce shi ma da ya ga yadda ka kama ƙafar ranar, da karkacewa zai zaɓa. Cacar kuma tsakaninka da Allah ce.

Abin da ya tsaya mini daban ne. Na tambaya, an ce babur ɗin Falalu sai an tura shi yake tashi. Ashe ka zauna ka auna, ka ga in ka rasa ni, shi zai isa ya share maka hawaye. Ni kuwa da na amsa maka, ban ajiye komai a gefe ba.

Na gode da ƙafar Baba. Kazarka tana hannun Yaya.

Ka huta lafiya.
Lauratu