Yatsa Huɗu a Idon Koma

Zuwa ga ɗiyata Mariama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a Maraɗi. Uwani tana gaishe ki.

Ran kasuwa mai shela ya zaga Madarumfa da ganga, wai an rufe tabki wata uku, duk masuncin da aka kama a ruwa za a karɓe komarsa. Muka tambaye shi dalili, ya ce shi ma haka aka ba shi. To kin san mutanenmu. Kafin la'asar zance ya koma an sayar da tabkin ga wani mai kuɗi. Aminina Kabo ya rantse sai ya shiga, ni ma zuciyata tana can.

An ce ke kika rubuta sanarwar a ofishinku na kula da kamun kifi. Wallahi raina ya ɓaci. Da kifin nan aka yi miki karatun lakwal, yau ko dalili ba mu isa mu ji ba?

Kawunki,
Illo

Zuwa ga Kawu Illo,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa, a gaishe mini da Inna Uwani.

Ni na rubuta, Kawu. Ba wanda ya sayar da tabki. Duk shekara muna auna kifin da kuke kamawa, kullum ƙanƙancewa yake yi, ana kwashe shi tun bai yi ƙwai ba. Na sa wannan bayani, aka ce ya yi wa mai shela tsawo, aka cire.

Kada ka tsaya a kan maganata. Tsohuwar komar Kaka tana rataye a zaurenka. Ka kai ta bakin ruwa tare da taka ta bana, kowa ya sa yatsunsa a idon kowacce. Don Allah ka fara da Baba Kabo.

Ɗiyarka,
Mariama

Zuwa ga Mariama,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda kika ce. Ta Kakanki yatsa huɗu, tawa ɗaya, da ƙyar ma. Mu muka riƙa matse idon koma muna bin kifi, ba mu taɓa jera su ba. Kowa ya naɗe komarsa ya tafi gida.

Amma takardarki ta makara. Kabo ya shiga, an karɓe tasa, ya tsallaka Nijeriya ci-rani yana cewa an sayar da mu. Baɗi ku turo dalili kafin ganga.

Jiya Ladi matar Kabo ta zo, na nuna mata tsohuwar komar da tawa. Ta sa yatsunta, ta daɗe ba ta cire ba, sannan ta ce to shi wa zai kai masa ya gani.

Ki huta lafiya.

Kawunki,
Illo