Tuwon da Na Tuƙa Miki da Hannuna

Yamai, Satumba 1962

Zuwa ga Lidiya, hasken ɗakina, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya taso daga gona, matata, abar ƙaunata!

Tun ranar da tarin nan ya kwantar da ke a lopital, likita ya hana ni tsallake ƙofar ɗakinku, gidanmu ya zama kango. Murhu ya huce, tukunya ta kifa fuska a ƙasa kamar mai fushi da ni. Ashe hayaƙin da nake hangowa idan na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, shi ke yi mini sannu da zuwa tun kafin bakinki ya furta? Ashe shekara da shekaru ina wanke hannu ina ci, ban taɓa sanin nauyin muciya ba?

Da farko burodi da shayi na yi ta turawa, ban damu ba. Amma jiya mai jinyarku ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce kwanonki yana komawa yadda ya zo, shinkafarsu ba ta shiga miki, magani kuwa ba ya kama jikin da cikinsa fayau. Wayyo, Lidiya! Ke da kike ciyar da kowa, yau ke ce da yunwa?

Kin tuna shekarar samun 'yancin kai, da muka taso daga Dogonduci, kamyon ya mutu mana a daji kafin Doso? Fasinja na ta ƙunƙuni, ke kuwa kika kwance ƙunshin garinki, kika jera duwatsu, kika dama kunu har direba da karen mota suka sha. Na tsaya ina kallon wuta tana wasa a kumatunki, na ce Ubangiji, me na yi maka ka ba ni wannan?

Don haka yau da safe na roƙi maƙwabciyarmu Hawa ta koya mini tuwo. Ta ce, "Malam Ishaku, bari in yi mata mana." Na gode mata, na ce a'a, na hannuna nake so ki ci. Na surfa hatsi, na daka, tafina ya yi bororo. Abdulaye tela ya leƙo ta kan zana yana dariya, wai saura in ɗaura zane. Na ce ya ɗinka mini, in dai za ki tashi! Tukunyar farko gudaji ne zalla. Ta biyu ta kama, ƙauri ya cika unguwa. Ta ƙarshe ce wannan da ke gabanki, da miyar kuka irin ta gida, na sa daudawar batso da kika ɓoye a tulun bayan gado. Gishirin ya ɗan zarce, ki yafe mini.

An kuma gaya mini kina roƙon a sallame ki, wai kina tsoron yunwa ta kashe ni. Kada ki yi mini haka, sanyin idona! Wace ƙoshi zan yi da tuwon da kika tuƙa kina tari? Ki zauna sai ƙirjinki ya washe sarai kamar sama bayan ruwa. Murhu yana hannuna, zan riƙe miki shi ko wata nawa ne.

Abu guda nake roƙo. Ki ci. Ki ture gudajin gefe, ki yi mini dariya son ranki, amma ki ci. Gobe idan na sallami yara zan tsaya ƙarƙashin itacen bedin da ke fuskantar tagarki. Ba sai kin yi magana ba, kada ki wahalar da numfashinki. Ki ɗaga mini kwanon kawai, in ga cikinsa babu komai.

Naki ne ni, cikin lafiya da cikin ciwo, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu,

Mijinki,
Ishaku