Intanet ɗin gidana ba ya gudu sai an shiga sallah

Assalamu alaikum 'yan guruf, manya da yara. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, unguwar kam bar ta, Yalwawa ce a Dutse, gidajen da yawa. Sunayen da zan ambata duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne mai furfura har a gira, amma na yi kwaɓar da ko jikana ba zai yi ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a firamare a Aujara na gudu, sauran karatun a jikin manyan motoci na ƙarasa shi.

A unguwa Injiniya ake ce min, kuma ga asalin sunan. Lokacin da aka ba mu jiha ma'aikata suka cika Dutse da talabijin ɗinsu, duwatsun nan namu kuma suka tare hoto, ka kunna ba abin da za ka gani sai yayyafi. Ni ne mai hawa saman kwano da gora da eriya, ina juyawa ina ihu ya yi? Na ƙasa suna amsawa saura kaɗan, koma baya, tsaya nan! Har murfin tukunya na taɓa ɗaura wa eriyar wani babban ma'aikaci, hoto ya fito tar, wallahi har yau ban san dalili ba, amma na karɓi yabon. Daga nan na buɗe gidan kallo, da shari'a ta zo na rufe da hannuna tun kafin a zo a taya ni rufewa, na koma sayar da hatsi. Sana'ar ta tafi, sunan ya zauna, ni kuma na zauna a kan sunan.

To surukina, mijin babbar 'yata, yana aiki can Abuja, mutum ne mai kunya, tun da ya auri yarinyar nan maganarmu ba ta wuce ina kwana Baba, lafiya lau. Ya zo hutu ya tarar da autata tana tsaye bakin katanga da waya a sama tana neman sabis, don karatun jinya take yi kuma yawancin darussan bidiyo ake turo musu. Yana komawa ya aiko abokinsa na ƙuruciya, Malam Sabo na Limawa, wanda sana'arsa ke nan sa wa gidaje intanet. Ya zo da wani farin akwati mai fitilu, rauta suke ce masa. Ya zagaya gidan yana awo da wayarsa, ɗaki ɗaki, a ƙarshe ya zaɓi bakin tagar falo ya ajiye.

Kafin ya tafi ya durƙusa ya yi min bayani, kuma tunda gaskiya na zo faɗa, bai ɓoye min komai ba. A jikin kwali an rubuta hamsin da manyan baƙi, wai ma'aunin gudun intanet ɗin ke nan. Ya ce Baba wannan hamsin ɗin ƙololuwa ce, sai ranar da komai ya daidaita, a zaman gida in kana samun rabi ko sama da haka to abu yana kan hanya. Ya ce da yamma zai ragu, don lokacin duk gari kowa ya hau. Ya ce bango da kwanon rufi suna cinye shi, kuma duk wayar da aka ƙara daga kwano ɗaya za su ci, ba a ƙaro tuwo. Ya roƙe ni abu biyu, kar a matsa akwatin daga inda yake, kar kuma a raba lambar sirrin. Ina zaune ina kaɗa kai, a raina ina cewa kai yaro, lokacin da nake kamo Kano da gora ba a yaye ka ba. Daga duk bayanin nan hamsin kaɗai na riƙe.

Da farko abu ya yi kyau. Auta ta danna darasi, kafin ta ɗauko biro ya sauka. Hajiya, mai ɗakina, ta ga jikokinta a waya har tana yi musu faɗan wanka.

Matsalar daga majalisa ta fara. Muna da zama a ƙofar gidana ƙarƙashin darbejiya, dattawa ne, a ciki akwai Alhaji Ɗanjuma mai goro, taubashina, wanda tun muna yara aikinsa ke nan tsokanata. Rannan yana fama da wayarsa wa'azi ya ƙi buɗewa, sai ya dube ni ya ce Injiniyan gora, ɗauko tsani mana ka hau ka juya mana, ko zamani ya bar ka a saman kwano? Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kaina ya yi zafi na ce a cikin gidan nan da kake jingine da bangonsa akwai hamsin, kuma irin wanda ba ya ƙarewa ne. Ya ce ƙarya nake. Na shiga gida na ciro akwatin daga falo, na gaya wa Hajiya da Auta cewa a sana'armu duk abin da ke kama iska sai an ɗaga shi sama, na kai shi zaure, na ɗauko tsohuwar gorata na ɗaure shi da ƙyalle dab da rufi, daidai tagar da ke kallon majalisa. Na fito na karanta musu lambar sirrin da ƙarfi kamar mai sanarwar suna.

Wa'azin Ɗanjuma ya buɗe nan take. Ya ce Injiniya, na janye. Jama'a, daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba tun zamanin eriya.

Kun san zamanmu, ba a hana maƙwabci ruwan rijiya, in matarsa ta aiko ɗiban garwashi ba a cewa babu. To haka lambar nan ta zama. Dattawa suka ba 'ya'yansu, 'ya'yan suka ba abokai. Na'ibin limaminmu yana zuwa da tabarmarsa yana sauraron tafsiri. Mai shayin da ke can bakin titi ya ɗauko teburinsa ya dawo jikin katangata, wai inuwar nan ta fi. Samari su jeru kamar masu jiran rabon zakka, kowa kansa a ƙasa, masu ƙwallo na ƙwallo, masu fim na fim. Duk wanda ya wuce sai ya ce Allah ya ƙara arziki Injiniya, ni kuma ina amsawa kamar ni na haƙa abin.

A cikin gida kuwa abu ya mutu. Auta ta danna darasi, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa har tuwo ya nuna. Hajiya ta kira jikoki, hoto ya daskare yaro baki buɗe. Auta ta yi awon da Malam Sabo ya koya mata, wani lokaci biyu, wani lokaci ko ɗaya bai cika ba. Raina ya ba ni inda matsalar take, amma na ce da raina ya yi shiru. Hajiya ta kai ƙorafi wajen 'yarta, 'yar ta kai wa mijinta, shi kuma tunda ba zai iya tambayata kai tsaye ba, ya aiko tambayar ta hanyar da ƙorafin ya bi. Amsar da na bayar, Allah ya yafe min, ita ce a gaya masa abokinsa jabu ya sa mana, an rubuta hamsin ana ba mu biyu.

Malam Sabo ya zo dubawa da hantsi, lokacin majalisa ba kowa. Ina jin zai zo na yi maza na kwance akwatin na mayar da shi tagar falo, har na goge ƙurar zaure da hannun rigata. Ya auna, ya samu talatin da wani abu, ya nuna min. Na ce ai ganinka ya yi ya gyara zama, kana fita zai koma halinsa. Hajiya tana tsaye ta san inda akwatin ya kwana, amma ba za ta ƙaryata mijinta gaban baƙo ba. Yana fita na mayar da shi kan gora.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai aka yi ɗaurin aure a Limawa, ana zaune ana jiran waliyyi hira ta biyo ta kan intanet, bakina ya ƙwace. Na ba da labarin hamsin da biyu, na ƙara gishiri, na kira sunan Malam Sabo, har na ce mu da muka san harkar ba a yi mana wannan wayon. Ashe mai wata makarantar Islamiyya da suka gama magana da Malam Sabo zai sa musu irin akwatin yana zaune a bayana.

Wadda ta gano ni Auta ce. Ta zo tana dariya ta ce Baba, akwatin nan namu ba ya sallah, ana tayar da iƙama yake tashi da gudu, ana sallamewa ya kwanta. Hajiya ta ce ai dama ta faɗa aljani ne, kuma kafiri, ta ɗauko kasko ta yi wa zaure hayaƙi. Ranar Juma'a Auta ta zauna a tsakar gida kusa da ƙofar zaure, daga fara huɗuba zuwa dawowar mutane ta sauke darussan da suka fi ƙarfinta tun farkon wata. Da na dawo ta kawo min ruwa, ta tsuguna, ta ce a hankali don kar uwarta ta ji, Baba ba aljani ba ne, wayoyi ne suke tafiya masallaci.  

Yanzu ga inda aka kwana. Surukina da Malam Sabo sun yi cacar baki a waya, abotar da suka taso da ita tun suna tallan rake tana neman rushewa, surukina ya ce ya kunyata shi a gidan surukai, ya kuma ce Malam Sabo ya zo ranar Asabar mai zuwa ya kwashe kayansa, shi ma surukin nawa yana hanya don a yi a gabansa. Mai makaranta ya janye aikin, kuma na ji maganar ta zaga Limawa. Shekaranjiya na haɗu da Malam Sabo a kasuwa, na so in kauce ta layin masu tattasai, ya riga ya gan ni. Ya cire takalmi ya durƙusa a cikin mutane ya ce Baba, in na gaza a aikin gidanka ka yafe min, wallahi ban sa maka jabu ba, amma na kasa gane abin da ke faruwa. Na ce Allah ya yi albarka, na wuce. Albarkar da na sa masa ke nan, ni da na ɓata masa suna. Tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Na juya maganar ta ko'ina. In na sa Auta ta canza lambar a ɓoye, akwatin zai warke, amma Malam Sabo yana nan a matsayin macuci, kuma majalisa za ta ce Injiniya ya rufe rijiya, da wane ido zan kalli na'ibi? In na tara su na faɗi gaskiya, Ɗanjuma zai yi min dariya har a makabarta, wannan zan iya haɗiyewa ko da ruwa ne. Wanda ya fi tsaya min shi ne surukina. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, yaya zan zauna in ce masa ni surukinka na yi ƙarya, na raba ka da abokinka don a ce min Injiniya? Na yi tunanin in aika ta bakin Hajiya, sai na tuna ta wannan hanyar ƙaryar ta tafi, kuma sunan yaron nan a bainar jama'a na ɓata shi, ba a ɗaka ba. Auta ta ce ita ba za ta tona ni ba, amma in mijin yayarta ya tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba.

To jama'a ku faɗa min. Wa zan fara zuwa wajensa, Malam Sabo, ko mai makaranta, ko in jira Asabar in faɗa gaban kowa? Akwai yadda suruki yake ba mijin 'yarsa haƙuri girmansa bai zube duka ba, ko kuwa in bar shi ya zube tunda ni na ɗora shi a kan gora? Ta wace hanya zan janye lambar daga maƙwabta ba tare da mun ɓata ba? Sannan ku masu ilimin abin, in an rubuta hamsin a kwali, gida mai mutum uku, nawa ya kamata mu sa rai da safe, nawa da yamma? Bayanin Malam Sabo daidai ne? Ina so in je wajen mai makaranta da magana ta gaskiya, karo ɗaya a rayuwata in yi bayanin abin da na fahimta.

Wanda zai zage ni ya zaga, na ci zagin. Amma don Allah ku rubuto amsar a rubuce kafin Asabar, kar wanda ya turo min bidiyo. Ba zai buɗe ba sai an shiga sallah, ni kuma a halin da nake ciki ba ni da bakin rasa jam'i.