Ni Ce Na Riƙa Kai wa "Annabi" Asirin Mata

Gaisuwa mai yawa gare ka Edita, da dukan masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin wanda nake yanke wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni Kirista ce, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, noman rani muke yi, tumatir da alkama. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, fastonmu kuma tsoho ne, Baba muke ce masa. Shi ya koya mini karatu, shi ya ɗaura mini aure. Wa'azinsa ba zafi, har gyangyaɗi mukan yi, amma in ciwo ya kama mutum shi zai goya shi a keke zuwa asibiti a Kura. Ni kuwa shugabar zumuntar mata ce, duk wadda abu ya dame ta, ni take faɗa wa.

Bara waccan, lokacin ɗiban tumatir, wani mutum ya sauka garinmu da farar riga da lasifika mai batir, ya ce shi annabi ne. A gidanmu aka sauke shi. Shekarata tara da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, da ya ce mini, "'Yar'uwa, Ubangiji ya ji kukanki, za ki goya ɗa," sai na durƙusa ina kuka. Wace mace ce a halina ba za ta durƙusa ba? Ya ce in faɗa masa damuwar mutane don ya riƙa yi musu addu'a, na zazzage masa komai. Ran Lahadi ya miƙe a majami'a, ya rufe ido, ya ce, "An nuna mini wata mace a nan, mijinta yana tari da jini, tana wanke tsumman a ɓoye." Saratu, ƙawata tun muna 'yan mata, ta zube ƙasa tana rawar jiki. Daga ni sai Baba muka san ciwon mijinta Bitrus.

Da muka koma gida na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na faɗa maka." Ya yi murmushi ya ce, "Ruhu ne ya bi ta bakinki. Ranar da kika tona, kin rufe mahaifarki da hannunki." Kunya nake ji in rubuta, amma na ci gaba da kai masa, mako bayan mako.

Wata safiya ina wanki a bakin kanal ɗin ban-ruwa, Baba ya jingine kekensa ya ce, "'Yata, wanda Allah ya aiko ba ya jin haushi in an gwada maganarsa, kuma ba ya tsiraita tumaki a gaban jama'a. Kin san inda baƙonku yake jin abubuwan nan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ban sani ba, Baba." Ya ce, "To, Allah ya kiyaye ki," ya hau kekensa.

Daga nan annabi ya ce Bitrus ya watsa maganin asibiti a ruwa, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Baba ya je har gidan Bitrus yana roƙon kada ya daina shan magani, aka ce hassada ce, wai Ruhu ya bar shi. Dattawa suka kira taro a kan a sallami Baba, da aka ce a ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Ban iya kallon gefen da yake zaune ba. Haka aka sallame shi, ya koma garinsu. Kafin a yanke alkama Bitrus ya rasu. A bakin kabari annabi ya ce shakkar matarsa ce ta hana warkarwa, bayan mako guda ya tattara kayansa, har yau ba labarinsa.

Yanzu Saratu ta daina zuwa sujada, ta rame kamar ba ita ba. In muna tsinkar tumatir takan ce mini, "Yaya, mutumin da Allah ya nuna wa abin da ke cikin ɗakina, ta yaya zai yi ƙarya? Ni na kashe Bitrus." Sai in ce ta yi haƙuri. Haƙuri! Ni da ke riƙe da maganar da za ta sauke mata wannan kaya? In na faɗa, da wane ido mijina zai dube ni, da matan da na tona wa asiri? In na yi shiru, ina ganin baƙin ciki zai kai ta inda ya kai mijinta. Baba kuma an ce yana kwance a garinsu, jikin ya yi nauyi, ban sani ba ko zai kai damina.

Jama'a, in fara da Saratu ne, ko da Baba, ko in miƙe a gaban ikkilisiya duka? Me zan yi?